Fina-finan Yaƙin Romaniya: Wa Ya Biya, Me Aka Ɓoye?

Rubutun yau da ɗan tsawo, mai sauri ya ajiye shi sai bayan isha'i.

Duk sanda aka taso da hirar Ertugrul ko Kurulus Osman a dandalin nan, wuri ɗaya ake ƙarewa: ina ma gwamnatinmu za ta zuba kuɗi a yi mana irin wannan a kan tarihinmu. Ni ma ina cikin masu wannan fata. Sai dai akwai ƙasar da ta riga ta bi hanyar nan daga farkonta har ƙarshenta. Ta yi sama da shekara 25 tana zuba kuɗin gwamnati a fina-finan yaƙi, yanzu kuma ƙura ta lafa, ana iya zama a yi lissafin riba da asara. Ƙasar ita ce Romaniya, can gabashin Turai, maƙwabciyar Yukren da Hangari da Bulgeriya. Abin da zai ba masu kallon Ertugrul mamaki shi ne, a fina-finansu Turkawan nan da muke yi wa tafi su ne abokan gaba.

Ga ra'ayina tun daga farko, don kada in wahalar da ku. Kuɗin gwamnati na iya sayen dawakai da dakaru da kamara, Romaniya ta tabbatar da haka. Amma abin da ke raba fim ɗin da ya amfani al'umma da wanda ya ruɗe ta shi ne ko an bar mai fim ya faɗi abin da ba a son ji. Fina-finan nan sun yi kyau ƙwarai, sun kuma binne wani babban al'amari, wanda har yau mutanen ƙasar suke fama da tono shi.

Bari mu bi abin daki-daki.

Ba wa masu fim aron sojoji tsohuwar al'ada ce a can. Tun 1912 aka yi Independenta Romaniei, wato 'Yancin Romaniya, fim marar sauti a kan yaƙin 1877 zuwa 1878 wanda ƙasar ta ƙwaci kanta da shi daga hannun Daular Usmaniyya. Aristide Demetriade ne darakta, wani attajiri mai suna Leon Popescu ya sa kuɗi, rundunar soja ta ba da mutane da kayan yaƙi. Amma abin bai zama masana'anta ba sai zamanin kwaminisanci, da gwamnati ta gina katafaren wurin shirya fina-finai a Buftea, kusa da Bukares babban birni, a shekarun 1950. Daga nan fim ya koma aikin hukuma. Ita ke biya, ita ke tacewa, gidajen silima ma nata ne.

A 1965 Nicolae Ceausescu ya hau shugabancin jam'iyya. Burinsa ya nuna wa duniya cewa Romaniya ba yaron Mosko ba ce. A 1968 ma ƙin tura soja ya yi lokacin da Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta suka mamaye Cekoslobakiya, ya fito fili ya yi tir da mamayar. Mai irin wannan siyasa yana buƙatar tarihin da zai jingina da shi. Sai aka buɗe bakin aljihu, aka ce a yi fina-finai a kan kakanni da sarakunan yaƙi.

Wanda ya fi kowa cin moriyar wannan dama shi ne Sergiu Nicolaescu, haifaffen 1930, wanda asalin karatunsa ma injiniya ne. A 1967 ya fito da Dacii, tare da haɗin gwiwar Faransa, a kan Daciyawa, mutanen da suka zauna ƙasar kafin zuwan Rumawa, da sarkinsu Decebal. Shekara ɗaya bayan haka Mircea Dragan ya yi Columna, a kan abin da ya biyo bayan cin ƙasar da Sarkin Rum Trajan ya yi a shekara ta 106. Saƙon fina-finan biyu a fili yake: mu jikokin Daciyawa da Rumawa ne, muna nan tun kafin kowa ya zo, asalinmu daban da na Rashawa.

Sai babban cikinsu, Mihai Viteazul, wato Mihai Jarumi, wanda ya fito a 1971. Kashi biyu ne, sama da awa uku. Wallahi duk mai son fim ɗin yaƙi ya nemi wannan. Babu kwamfuta a lokacin, don haka duk dokin da ka ga ya faɗi doki ne na gaske, duk rundunar da ka ga ta cika kwari dubban sojojin ƙasa ne aka tuɓe musu kaki aka sa musu kayan da. Yaƙin Calugareni na 1595, inda Mihai ya tare rundunar Sinan Pasha a cikin fadama, an ɗauke shi yadda har taɓon za ka ji kamar yana fantsamo maka. Kamfanin Columbia na Amurka ya rarraba fim ɗin a ƙasashen waje. A cikin gida kuwa, an sayar da tikiti sama da miliyan 13, a ƙasar da mutanenta a lokacin suke wajen miliyan 20. Dacii ma ya haura miliyan 13. Ku yi lissafin da kanku.

'Yan wasan ma manya ne. Amza Pellea, wanda ya fito a Decebal ya kuma fito a Mihai, mutum ne mai kwarjini, idan ya ɗaga gira sai ka gyara zama. Abin sha'awa, shi ɗin ne dai yake fitowa a talabijin a matsayin Nea Marin, wani baƙauye mai ban dariya, ya sa ƙasa duka tana riƙe ciki. A 1977 ya ci kyautar gwarzon ɗan wasa a bikin fina-finai na Mosko da fim ɗin Osanda, ya rasu a 1983 yana da shekara 52. Akwai Florin Piersic da Ilarion Ciobanu, waɗanda suka fito a 'yan'uwan gidan Buzescu, manyan jaruman Mihai. Nicolaescu kansa ya fito a Selim Pasha, kuma a yi masa adalci, bai mai da Baturken dodo ba. Ya nuna shi mutum mai daraja, aminin Mihai, wanda ƙaddara ta ajiye su a ɓangarori biyu na fagen fama.

To ina matsalar?

Matsalar ita ce, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Fim ɗin ya nuna Mihai a matsayin mai mafarkin haɗe Romaniyawa su zama ƙasa ɗaya. Gaskiya ne a 1600 ya riƙe Walakiya da Transilbaniya da Moldabiya a hannu ɗaya. Amma haɗin watanni kaɗan ya yi ya wargaje, a 1601 kuma aka kashe shi bisa umarnin Giorgio Basta, janar ɗin da suke ɓangare ɗaya. Masana tarihi da yawa, har da na Romaniyar, sun nuna cewa fassarar aikinsa a matsayin kishin ƙasa daga baya ta zo, marubutan ƙarni na 19 ne suka ɗora masa ita. Kuma wannan Mihai ɗin ne ya kafa dokar da ta ɗaure talakawa manoma a gonakin masu ƙasa, ba su da ikon tashi su koma wani wuri. Ɗan makarantar da ya fito daga silima a 1971 da hoton jarumi a kan doki ya fito, kuma kowa ya gane wane shugaba ake so ya tuna in ya ga hoton.

Wannan ma mai sauƙi ne, don ƙarin gishiri a tarihin shekara 400 kowace al'umma tana yi. Babban ɓoyon yana cikin fina-finan Yaƙin Duniya na Biyu.

Ku duba jerinsu. Valurile Dunarii, wato Igiyoyin Ruwan Danub, labarin jirgin ruwa ne mai ɗauke da makaman Jamusawa a watan Agusta 1944. Pe aici nu se trece na Doru Nastase, 1975, labarin ɗaliban makarantar soja ne da suka tare hanya a Paulis a watan Satumba 1944. Noi, cei din linia intai na Nicolaescu, a tsakiyar shekarun 1980, labarin sojan Romaniya ne yana yaƙar Jamusawa a Hangari da Cekoslobakiya. Kun lura da wani abu? Kusan duk daga Agusta 1944 ake farawa. Ranar 23 ga wannan watan ne Sarki Mihai na Ɗaya ya sa aka kama Marshal Ion Antonescu, ƙasar ta juya wa Hitila baya ta koma ɓangaren abokan gabansa.

To kafin ranar fa? Tun Yuni 1941 sojan Romaniya yake yaƙi kafaɗa da kafaɗa da sojan Hitila a cikin Tarayyar Sobiyet, har Stalingrad, inda aka ragargaza rundunoninsa biyu a ƙarshen 1942. A ƙarshen Yuni 1941 aka kashe Yahudawa sama da 13,000 a kisan gillar birnin Iasi, da yawansu ƙishirwa da rashin iska ne suka kashe su a cikin taragun jirgin ƙasa da aka kulle. A Oktoba na shekarar, bayan bam ya tashi a hedikwatar sojan Romaniya a Odessa, aka huce a kan dubban fararen hula, wasu harbi, wasu rataya, wasu aka kulle su a ɗakunan ajiya aka cinna wuta. Kwamitin da Elie Wiesel ya jagoranta, wanda gwamnatin Romaniya da kanta ta karɓi rahotonsa a 2004, ya ce Yahudawa tsakanin 280,000 da 380,000 ne suka mutu a yankunan da ke ƙarƙashin ikon Romaniya. An kuma kori 'yan ƙabilar Roma wajen 25,000 zuwa Transnistriya, kusan 11,000 suka mutu a can.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa da zarar sun ga kalmar Yahudawa. Ku yi haƙuri ku dubi shekarar. A 1941 ne, ko ƙasar Isra'ila ba a kafa ba. Tsofaffi ne da mata da yara, maƙwabtan waɗanda suka kashe su. Mai jin zafin kisan farar hula a yau bai kamata ya kau da kai daga na jiya ba.

Masana'antar da ta iya tara dubban mutane don ta nuna yaƙin 1595 ta wuce shekarun nan uku kamar ba a yi su ba. Yaro ya tashi yana ganin kakansa ko dai jarumi ko wanda aka zalunta. Shi ya sa da kwaminisanci ya faɗi a Disamba 1989, mutane da yawa suka rungumi Antonescu a matsayin gwarzo, har mutum-mutuminsa aka kafa a wasu wurare, aka sa wa tituna sunansa. Nicolaescu ma, wanda ya shiga sahun gaba a juyin da ya kifar da Ceausescu ya kuma zama sanata, ya fito da Oglinda a 1994, fim ɗin da aka yi ta suka saboda yadda ya wanke Antonescu. Kiɗa ya canza, rawa ta canza, amma ɓoyon yana nan inda yake. Sai a 2018 Radu Jude ya yi fim a kan kisan Odessa, labarin wata matashiya mai shirya wasa da ke son nuna abin a dandalin birni, wani jami'i yana ta lallaɓa ta ta sassauta. Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin Karlovy Vary. Shekara 77 ke nan bayan kisan.

Yanzu ga ɗaya fuskar, wadda ita ce dalilin wannan dogon rubutu.

A cikin wannan masana'antar, da kuɗin wannan gwamnatin, aka yi Padurea spanzuratilor, wato Dajin Ratayayyu. Liviu Ciulei ne darakta, kuma da shi ya ci kyautar gwarzon darakta a bikin Cannes na Faransa a 1965. Baƙi da fari ne. Ba za ka ga sarki a kan doki ba, sai taɓo da hazo da sojoji gajiyayyu. An ɗauko shi daga littafin Liviu Rebreanu na 1922, shi kuwa marubucin daga cikin gidansu ya samo labarin: ƙanensa Emil, hafsa a rundunar Ostiriya da Hangari, an rataye shi a 1917 saboda ya yi yunƙurin tsallakawa ɓangaren Romaniya.

A gane yadda abin yake. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, yankin Transilbaniya yana ƙarƙashin daular Ostiriya da Hangari, don haka Romaniyawan yankin sojan daular suke. Da Romaniya ta shiga yaƙin a 1916 a ɗaya ɓangaren, sai ya zama ana tura mutum ya harbi mai yarensa. Jarumin labarin, Laftanar Apostol Bologa, wanda Victor Rebengiuc ya fito a matsayinsa tun yana matashi, yana cikin kotun sojan da ta yanke wa wani hafsa ɗan ƙabilar Cek hukuncin rataya saboda gudu daga bakin daga. Hankalinsa kwance, doka ya bi, har wurin ratayar ya je don ya tabbatar komai ya tafi daidai. Sai idon mutumin da aka rataye ya ƙi barin zuciyarsa. Can kuma aka ce za a mai da rundunarsu bakin daga na Romaniya. Ya yi bajinta don a tausaya masa a tura shi wani wuri, janar ya ƙi. Daga ƙarshe aka sake sa shi a kotun soja, wannan karon don ya yanke wa talakawa manoma Romaniyawa hukunci. Ya kasa. Ya kama hanyar tsallakawa, aka kama shi, igiyar da ya aika wani gare ta ita ta jira shi.

Mu ma'aikatan gwamnati mun san wannan mutumin, kowace ma'aikata akwai shi. Fayil ya zo, oga ya riga ya nuna inda yake so a dosa, sai a sa hannu a ce umarni ne daga sama. Sunan da ke cikin takardar ba shi da fuska, sai ranar da abin ya biyo ta kan ɗan'uwanka. Bologa ba mugu ba ne, ma'aikaci ne mai bin ƙa'ida, kuma nan ne abin tsoron yake. Mihai Viteazul yana sa ka ji ina ma kai ne a kan dokin nan. Dajin Ratayayyu kuwa tambayarka yake: takarda nawa ka sa wa hannu ba ka san wanda ta faɗa kansa ba? A ganina wannan shi ne fim ɗin yaƙi mafi girma da Romaniya ta yi, duk da cewa faɗan da ke cikinsa kaɗan ne.

Ga wani abu da ya kamata a riƙe. Mutum ɗaya ne, Titus Popovici, ya tsara labarin Dajin Ratayayyu ya kuma rubuta Dacii da Columna da Mihai Viteazul. Alƙalami ɗaya. Ke nan basira tana nan, abin da ya bambanta shi ne irin aikin da aka nema da kuma sararin da aka bayar. A tsakiyar shekarun 1960 an ɗan sassauta wa masu fasaha. A Yuli 1971, bayan ziyararsa Sin da Koriya ta Arewa, Ceausescu ya fito da sabbin ƙa'idojin da suka sake ɗaure adabi da fim a gindin jam'iyya. A 1972 gidan wasan Bulandra, wanda Ciulei ke shugabanta, ya nuna wasan Gogol a kan jami'an gwamnati masu cin hanci, wanda Lucian Pintilie ya shirya. Sau uku kacal aka nuna shi aka haramta, Ciulei ya rasa kujerarsa. Daga baya ya tafi Amurka ya shugabanci gidan wasan Guthrie a Minneapolis daga 1980 zuwa 1985. Fina-finai uku kawai ya yi a rayuwarsa, Dajin Ratayayyu ne na ƙarshe. Nicolaescu kuwa ya yi gommai. Tsarin ya zaɓi wanda zai ciyar.

Wani zai ce, to Malam, ƙaramar ƙasa da manyan dauloli suka yi ta tattakewa, Usmaniyawa da Ostiriya da Rasha, laifi ne don ta ba 'ya'yanta abin alfahari? Ba laifi ba ne. Al'ummar da ba ta da jarumai takan ari na wasu, mu ma shaida ne. Kuma in ba don kuɗin gwamnati ba, da babu Mihai Viteazul, da babu Dajin Ratayayyun ma. Ban ce hukuma ta janye hannunta ba. Cewa nake maroƙi yana da wurinsa a fada, amma ba a ba shi ajiyar tarihi, don bai taɓa waƙe yaƙin da ubangidansa ya gudu ba. Ƙasar da ta biya maroƙi ta kori mai faɗin gaskiya, jikokinta ne za su biya bashin.

Wannan ya shafi Ertugrul ɗin namu ma. TRT ce ta nuna shi daga 2014 zuwa 2019, gidan talabijin na gwamnatin Turkiyya. Mu kalla mu ji daɗi, amma mu san labari ne da masu abu suka bayar a kan abinsu. Idan ka gama kallon Turkawa suna kawo adalci, ka kalli Mihai Viteazul ka ga yadda waɗanda suka yi ƙarnoni suna biyan haraji ga Santambul suke tuna abin. Kowanne ya ƙara gishiri, kowanne ya yi shiru a inda abin bai yi masa daɗi ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Saboda haka ga masu kiran gwamnati ta sa kuɗi a fim ɗin tarihinmu, ina tare da ku, da sharaɗi ɗaya. Kafin a tambayi nawa za a bayar, a tambayi me za a hana faɗa. Mun ga yadda hukumar tace fina-finai ta ƙasa ta riƙe Half of a Yellow Sun na watanni a 2014 saboda ya taɓo yaƙin basasa. Idan za a yi fim a kan sarakunan yaƙinmu, bayin da aka kamo za su samu fuska da suna, ko cika fili kawai za su yi? Idan za a yi a kan kakanninmu da aka kwasa zuwa Bama su yi wa Ingila yaƙi, za a bar wani a cikinsu ya tambayi yaƙin wa yake yi? Idan amsar a'a ce, to abin da za mu samu shi ne dawakai masu kyau da kiɗa mai daɗi, sannan mu bar wa jikokinmu aikin tono, kamar yadda aka bar wa su Radu Jude.

Wanda zai iya, ya nemi fina-finan biyu ya kalle su a mako ɗaya, Mihai Viteazul da farko, Dajin Ratayayyu daga baya. Sannan ya dawo nan ya gaya mini wanne ne ya hana shi barci. Masu ganin na yi wa Nicolaescu rashin adalci, fili naku ne, a yi muhawara cikin mutunci ban da zagi.

Allah ya sa mu dace, ya ba mu ikon faɗin gaskiya ko da a kanmu ne.